Yini Guda a Kan Keke a Fadamar Bharatpur

Jirgin ƙasan da zai kai mu Bharatpur daga tashar Hazrat Nizamuddin ta birnin Delhi yake tashi, mu kuma a Greater Noida, a wajen Delhi, muke zaune, don haka tun kafin kiran assalatu muka fito. Ni ne da abokin karatuna, wani Badamagare da muke haya a gida ɗaya. Watan Janairu ne, lokacin da hazo ke lulluɓe arewacin Indiya. Hazonsu ba irin namu na hunturu ba ne mai ƙura da fasa leɓe. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana lafewa a jikin riga, direban tasi kuwa da ƙyar yake hango fitilar motar da ke gabansa. A ƙofar tasha aka tura jakunkunanmu cikin na'urar bincike, ɗan sandan da ke wurin ko ɗaga kai bai yi ba. Jirgin ya makara, muka yi ta shan shayi mai madara da citta a tsaye har ya iso.

Tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba. Muna wuce Mathura rana ta fara cinye hazon, sai ga gonaki iya ganinka, duk sun yi fure rawaya. Mastad ne, tsiron da suke matse man girki daga ƙwayarsa, kuma yankin Bharatpur, a gabashin jihar Rajasthan, ya shahara da nomansa.

Masauki ya ɗan ba mu wahala. Dokar Indiya ta ce duk mai otal da ya saukar da baƙon ƙasar waje sai ya cike wata takarda da suke kira Form C, ya aika wa hukumar da ke kula da baƙi. Ƙananan masaukai da yawa ba sa son wannan ɗawainiya. Na farkon da muka shiga, mai wurin ya dubi koren fasfo ɗina, ya dubi na abokina, ya kaɗa kai ya ce ɗakuna sun cika, alhali ga makullai reras a jikin allo a bayansa. Ba mu ja ba. Muka gangara kan babbar hanyar Agra zuwa Jaipur, kusa da ƙofar gandun tsuntsayen da muka zo gani, inda masaukan suka saba da baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye. A nan wani dattijo ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ɗauki hoton fasfo da biza da takardar izinin zamanmu ta ɗalibai, ya ba mu ɗaki mai gado biyu da barguna masu nauyi a kan kuɗin da bai kai rufi 1,000 na kuɗin Indiya ba. Ruwan wanka a bokiti ake kawo shi da zafinsa.

Da dare matarsa ta aiko mana da gurasar gero mai kauri, an shafa mata man shanu, da miyar wake da dankali. Nama babu, kamar yadda yake a gidaje da yawa na wannan yanki. Abokina, wanda rabonsa da gero tun barinsa gida, ya ci har yana lumshe ido. Aka biyo mu da gajak, wato riɗi da mazarƙwaila da aka daka suka zama sala-sala, abin marmarin lokacin sanyi. Dattijon ya ce yana da kekuna na haya, in muna so mu ɗauka da sassafe mu dawo da su da magariba.

Kekunan Hero ne baƙaƙe, masu birkin ƙarfe da kariya a baya, ba giya ba komai. Nawa sirdinsa ya karkace, na abokina kuma ƙararrawarsa ta mutu. Dattijon ya ce ba ruwanmu da ƙararrawa, ai ba a son a kaɗa ta a ciki.

Sunan wurin a hukumance gandun ƙasa na Keoladeo, amma kowa gandun tsuntsayen Bharatpur yake cewa. Ana buɗewa da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. A lokacin da muka je ɗan ƙasa rufi 75 yake biya, baƙo 500, kuma katin makarantarmu bai yi mana rana ba: fasfo mai sayar da tikiti ya nema, ya yanka mana na baƙi. Daga ƙofa mota na iya shiga, amma ba ta yin nisa. Ƙasa da kilomita 2 akwai shinge, daga nan kuma babu mota, babu babur. A lokacin, ko dai ka taka da ƙafa, ko ka hau keke, ko ka ɗauki riksho, keken fasinja mai ƙafa uku da mutum ke tuƙawa da feda.

Sai da muka wuce shingen nan na gane irin hayaniyar da kunnena ya saba da ita. Duk wanda ya zauna a Delhi ya san hon ba ya yankewa dare da rana, har a bayan manyan motoci rubutawa suke yi cewa a danna hon. A nan kuwa ƙarar sarƙar kekena nake ji, da numfashin abokina a bayana, da kukan ɗawisu can cikin ƙaya. Hanyar kwalta ce siririya, miƙaƙƙiya, ba hawa ba gangara. Ba wanda zai taho maka ta baya da gudu, saboda haka ido ya samu sararin barin titi ya koma kan bishiyoyi.

Farkon hanyar busasshen daji ne na ƙaya da ciyawa. A nan muka yi kiciɓis da nilgai, wata babbar dabba mai kama da gwanki, namijin toka-toka mai duhu da gajerun ƙaho. Yana tsaye a bakin kwalta yana tuƙa, muka zo dab da shi, ya dube mu ya ci gaba da abin da yake yi. Gaba kaɗan diloli biyu suka tsallaka titi ba tare da sauri ba. Abokina ya taka birki ya ce, "Mutumina, su dabbobin nan ba su san mutum ba ne?" Na ce sun san shi sarai, sun dai san ba ya ɗauke da komai.

Mu da muka zo da keke ba mu da ɗan jagora, amma nan da nan muka gano dabara: duk inda ka ga riksho ya tsaya, kai ma tsaya. Matuƙan rikshon nan ba 'yan ga-ruwan fasinja ba ne kawai. Hukumar gandun ce ke ba su lasisi da horo, kuma wasunsu sun shekara talatin ko fiye suna bin hanyar nan kullum. Da yawansu mabiya addinin Sikh ne masu rawani, zuriyar waɗanda suka yi ƙaura daga ɓangaren Pakistan lokacin raba ƙasa a 1947. Wani mai farin gemu da ke ɗauke da Turawa biyu ya yafito mu da hannu, ya nuna kogon wata bishiya da muka riga muka wuce ba mu ga komai ba. Sai da ya miƙo mini madubin hangen nesansa sannan na ga ƙananan mujiyoyi biyu a manne da juna, launinsu ya saje da ɓawon itacen. Ya faɗi sunansu da Turanci, ya juya ga fasinjojinsa ya faɗa da Jamusanci. Ya tambaye mu ƙasarmu. Da muka ce Najeriya da Nijar, sai ya yi dariya ya ce ashe 'yan garin su kifin nan ne da ya hana su sakat. Ban fahimci maganar ba sai da rana ta yi.

Daga nan ruwa ya fara bayyana dama da hagu, hanyar ta zama kamar gaɓa a tsakiyar tafki. Abin da ya fara iso mana ƙara ce, sannan ƙarni. A tsakiyar ruwan akwai 'yan tudunnai, kowane da bishiyar bagaruwa a kansa, bagaruwar nan dai da majema ke jima da ita, kuma kowace bishiya ta yi fari fat da kashin tsuntsu. A kansu wasu manyan tsuntsaye ne dangin shamuwa, masu dogon baki rawaya da ɗan ja-ja a gashin bayansu. Tun bayan damina suke sheƙa a nan, zuwa Janairu 'ya'yan sun girma sun kusa kai iyayen, amma ba su daina kukan neman abinci ba. Ɗaruruwa ne, kowa baki buɗe. A ƙarƙashinsu ga zalɓe iri-iri, ga jinjimi, ga balbela, ga kwasakwasa suna iyo a jere suna kora kifi, ga wani baƙin tsuntsu mai wuya kamar maciji ya shanya fukafukai a kan kututture. Agwagin ruwa kuwa ba a magana. Yawancinsu baƙi ne da suka gudo wa sanyin tsakiyar Asiya da Saiberiya, cikinsu har da wata dinya mai baƙaƙen zane biyu a ƙeya, wadda ke ƙetaro duwatsun Himalaya kafin ta sauka a nan. An ƙidaya tsuntsaye sama da iri 350 a wannan fili da duka-duka faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 29 ba.

Ni Bahaɗeje ne, na tashi ina ganin kirinjijiya da dinya a fadamunmu, na je dausayin Baturiya, na je na Nguru. Yawan tsuntsu bai isa ya ruɗa ni ba. Abin da ya ɗaure mini kai kusancin ne. A gida, tsuntsun ruwa na hango mutum daga nesa zai tashi, don ya san danƙo, ya san tarko, ya san bindigar toka. A nan na jingine keke, na zauna a bakin gaɓa, wani ɗan tsuntsu mai shuɗin baya da jan baki yana kan reshe, tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Ya faɗa ruwa ya fito da kifi, ya buga shi a reshen, ya haɗiye, ko a jikinsa. Na tabbata da injin mota na wucewa a hanyar nan kowane minti, da ba haka ba.

Wajen kilomita 5 daga ƙofa aka iso tsakiyar gandun, inda ɗan ƙaramin wurin bautar Shiva, abin bautar mabiya addinin Hindu, yake, wanda daga gare shi gandun ya samo suna. Akwai hasumiyar kallo da ɗan shagon shayi da biskit. Akwai kuma wani bango mai allunan dutse, wanda na daɗe a gabansa fiye da yadda na yi niyya. Jerin ranaku ne da sunaye da lambobi: ranar da aka yi farauta, babban baƙon da aka shirya wa ita, yawan bindigogi, yawan tsuntsayen da aka kashe. Jerin ya fara da Lord Curzon, wakilin Sarkin Ingila a Indiya na lokacin, a 1902. Lamba mafi girma ta 1938 ce, ranar da Lord Linlithgow, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, da tawagarsa suka harbe tsuntsaye 4,273 a yini ɗaya. Abokina ya karanta ya sake karantawa, ya ce, "To wa ya cinye su?"

Dutsen nan shi ya fahimtar da ni cewa fadamar da muke yawo a ciki ba haka Allah ya bar ta ba, hannu ne ya tsara ta. Asalinta kwari ne da ruwa ke kwanciya a ciki. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Bharatpur Suraj Mal ya gina madatsar Ajan don tare ruwan kogunan Gambhir da Banganga. Daga baya sarakunan suka yanka kwarin gida-gida da gaɓoɓin ƙasa, suka sa ƙofofin ruwa, don agwagi su taru a samu na harbi. Gaɓoɓin da maharba ke laɓewa a kai su ne hanyoyin kekenmu na yau. Masana tsuntsaye irin su Salim Ali, wanda cibiyar baƙi ta gandun ke ɗauke da sunansa, su suka yi ta fafutuka har aka kare wurin. Ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 1981, ya zama gandun ƙasa a 1982, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985.

Muka yi alwala da ruwan gora mai sanyin ƙanƙara, muka yi azahar a gefen gaɓa. Wasu samari 'yan makaranta suka jira muka sallame, sannan suka nemi a yi hoto. Ɗaya ya tambaya ko mu 'yan West Indies ne, wato tsibiran Karibiyan, don shi baƙar fata a wasan kurket ya san shi.

Amfanin keke a kan riksho shi ne ƙananan hanyoyi. Daga babbar hanya akwai gaɓoɓi da ke ratsawa cikin ruwa, wasu an shimfiɗa musu bulo, wasu ƙasa ce zalla, kuma yawancin masu ziyara ba sa bin su. Muka ɗauki ɗaya. Bulon ya yi ta jijjiga mu har haƙora na haɗuwa, amma mun yi kusan awa ba mu gamu da kowa ba sai barewa masu ɗigo-ɗigon fari da wani aladen daji da ya fito daga laka. A wani busasshen wuri mai ramuka muka tarar da mesa kwance a bakin rami tana shan hantsi. Lokacin sanyi haka suke yi, su fito daga ramukan beguwa su miƙe a rana. Kaurinta ya kai cinyata. Badamagaren nan da ke cika bakin shi ɗan jeji ne, ban san lokacin da ya juya kan kekensa ba.

A hanyar dawowa tayata ta baya ta sace. Ƙaya ce ta shige ta, doguwa, ta wata bishiya da aka shigo da ita daga nahiyar Amurka, Prosopis, wadda ta mamaye sassan gandun har sai da aka sa mutanen ƙauyukan kewaye suka yi ta tumɓuke ta suna ɗaukar itacen. Ba mai faci a cikin gandu, ba famfo. Na sauka na kama turi, abokina yana tafe a hankali a gefena yana yi mini tsiya, wai Bahaɗeje da kwalekwale aka san shi.

Turin nan ne ya haɗa mu da wani ma'aikacin gandun, yana zaune a kan ƙofar ruwa da sandarsa. Ya ba ni wuri na huta, hira ta ɓarke da gurguwar Hindi tawa da gurgun Turancinsa. Na tambaye shi maganar kifin da mai riksho ya yi. Ya nuna ruwan da ke ƙarƙashinmu, na leƙa, sai ga gashin baki da faffaɗan kai sun ɓullo sun koma. Tarwaɗa ce, tamu ta Afirka. Masu kiwon kifi ne suka shigo da ita Indiya, ta tsere ta shiga koguna, ta iso nan. Tana cinye ƙananan kifayen da tsuntsaye ke rayuwa a kai, har 'ya'yan tsuntsu ba ta bari. Gwamnatin Indiya ta hana kiwonta, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ma'aikata na shiga da taru su kwashe ta da dubbai. Na ce masa a garinmu wannan kuɗi ne, a banda ta a kai kudu. Ya riƙe baki.

Amma babbar damuwarsu ruwa ne. Fadamar ba ta cika da kanta, sai an sako mata. Tun da aka kammala madatsar Panchana a saman kogin Gambhir a farkon shekarun 2000, manoman can suka riƙe ruwan don ban-ruwa, aka yi shekarun da gandun ya bushe ƙurmus, tsuntsaye suka zo suka juya. Yanzu ana taimaka masa da ruwan bututu daga kogin Chambal da kuma magudanar Govardhan. Sai dai ruwan bututu ba ya zuwa da ƙwan kifi da ƙwari da irin ciyayi kamar yadda ambaliyar kogi ke kawowa.

Ina jin wannan sai na ga kamar labarin gida ake ba ni. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya. Inda ruwa ke zuwa ya tafi, ya koma kwanciya shekara cur, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe. Mai shinkafa a sama da masunci a ƙasa kowa na da gaskiyarsa. Bambancin da na gani shi ne a Bharatpur tsuntsu yana da masu tsaya masa, domin garin na cin abinci da shi: mai riksho, mai masauki, mai shayi, mai hayar keke. Ba na cewa tsarinsu ya fi namu adalci. An zagaye gandun da katanga, an fitar da mutane. A 1982 da aka hana kiwo a ciki, mutanen ƙauyuka suka yi yunƙurin shiga da bauna-baunansu na gida, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Bayan nan binciken shekaru da ƙungiyar nazarin halittu ta Bombay ta gudanar ya nuna cewa rashin kiwon ya sa ciyawa ta shaƙe ruwan, wato dabbobin da aka kora suna cikin abin da ke riƙe da fadamar. Wanda zai ce a yi wa dausayin Baturiya ko na Dagona irin wannan katanga, ya fara jin wannan ɓangaren.

Na tambaye shi farin gaurakan Saiberiya da hotonsa ke jikin alluna a ƙofa. Ya ce shi ya gan su da idonsa yana saurayi. Daga yammacin Saiberiya suke tasowa, su bi ta Afghanistan da Pakistan, inda maharba suka yi ta rage su. Biyun ƙarshe sun zo a sanyin 2001 zuwa 2002, daga nan ba a sake ganinsu ba.

Gaurakan da ke zaune a nan shekara cur shi ne sarus, kuma mun same shi ana la'asar sakaliya, ina tura keke a babbar hanya. Biyu ne, mace da namiji, a cikin ruwa iya gwiwa, jikinsu toka-toka, kai ja wur. A cikin tsuntsaye masu tashi babu wanda ya kai shi tsawo, babba yakan kai tsayin namiji. Suka ɗaga baki sama tare suka yi wata ƙara mai kama da kakaki, masu manyan kyamarori suka yi ta ɗauka. Mai farin gemun nan na safe ya zo wucewa ba fasinja, ya ga halin da nake ciki, ya ce in ɗora keken a rikshonsa in hau. Kuɗinsu a lokacin rufi 150 ne a awa, haka na biya shi har ƙofa, na ƙara masa da na shayi.

Dattijon masauki ya duba tayar, ya zaro ƙayar da ɗan yatsa, ya ce wannan kullum ne, ya ƙi karɓar kuɗin faci. Washegari cinyoyina suka ƙi lanƙwasuwa. Mun so mu biya Fatehpur Sikri, tsohon birnin Sarki Akbar da ke ƙasa da kilomita 25 daga nan, amma hazo ya sake sauka, aka ce jiragen yamma ba tabbas. Muka sayi gajak kwali biyu a bakin tasha don 'yan gidanmu, muka shiga jirgin farko da ya nufi Delhi, a tsaye har Mathura.